Katin pas na jirgin ƙasa: yaushe yake da riba ga iyali, yaushe yake zama asara

Kowace shekara idan hutun makaranta ya matso, sai saƙonnin murya su fara shigo mana daga ƴan uwa da ke Beljiyam da Jamus da Faransa. Wani zai ɗauko tsohuwarsa daga Zermu ta je ta ga jikoki, wani mai ɗakinsa ce da yara suka samu biza bayan dogon jira. Tambayar kusan ɗaya ce: akwai wani kati da ake ce wa pas, wanda in ka saya za ka yi ta hawa jirgin ƙasa ba tare da yankar tikiti kowace tafiya ba, shin in saya wa iyali ko in bari? Na gida ma suna tambaya, don sun ji an ce kuɗinsa ya haura jika ɗari ga mutum guda, kuma ba wanda yake so ɗansa ya zubar da guminsa a banza saboda shi.

Ba abin mamaki ba ne da abin ya zame mana baƙo. Mu a Damagaram mota muka sani. Daga Zinder zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ka je tashar Rimbo ko STM ka yanki tikiti, ka shiga tun da asuba, ka sauka da dare. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kai Nguru a 1930, gyaɗar ƙasar nan ma ta sha hawansa a zamanin Turawa, amma dogon bai taɓa tsallako iyaka ba. Layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, wanda aka fara a 2014, ga shi nan kwance ba ya jigilar kowa. Na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, da zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, an aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021. Saboda haka yawancinmu sai mun fita waje muke fara sanin yadda ake cinikin tikitin jirgi, kuma can ɗin kuskure ɗaya yana iya cin kuɗin buhunan hatsi da dama.

Mene ne pas ɗin

A taƙaice, kwanaki kake saye ba tafiya ba. Ka biya kuɗin kwana 4, ko 5, ko 7 da za ka yi amfani da su cikin wata guda, ko kwana 10 ko 15 cikin wata biyu. Kowace rana da ka zaɓa, daga ƙarfe goma sha biyun dare zuwa wani sha biyun daren, kana iya hawa jirgi ko sau nawa ne. Akwai kuma na jere, wanda kwanakinsa ke tafiya ko ka hau ko ba ka hau ba, daga kwana 15 har wata uku. Babban katin yana aiki a ƙasashe 33 na Turai. Akwai ƙarami na ƙasa ɗaya tak.

Suna biyu gare shi, kuma a nan ne rikicin farko yake. Eurail, wanda aka fara a 1959, na mutanen da ba a Turai suke zaune ba ne. Interrail, wanda aka fara a 1972, na ƴan Turai ne da waɗanda ke da takardar zama a can. To kun ga iyali ɗaya sai ya rabu gida biyu: ɗan da ke Burusal da katin zamansa Interrail zai saya, mahaifiyarsa da ta zo da fasfon Nijar da bizar ziyara Eurail za a saya mata. Jirgi ɗaya za su hau, kujera kusa da kujera, amma dokarsu ba ɗaya ba ce. Mai Interrail ba ya yawo da babban katin a cikin ƙasar da yake zaune, sai rana biyu kawai aka ba shi, ta fita da ta dawowa. Kuma ba a sayar masa da ƙaramin katin na ƙasar da yake zaune. Ita kuwa tsohuwa ba ta da wannan takunkumin. Don haka wanda yake zaune a Faransa, kuma duk ziyarar da zai kai iyali a cikin Faransa ne, daga Pari zuwa Liyon zuwa Marsai, shi dai pas bai yi masa komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya rufe maganar ga mutane da yawa.

Kuɗinsa

Mu ɗauki farashin shekarar 2025, na babban mutum, a sashe na biyu na jirgi. Kwana 4 cikin wata Yuro 283 ne, kwana 7 kuma Yuro 381. Tunda Yuro ɗaya sefa 655,957 ne ba ya motsi, wato sefa 656 in an cike, na kwana 4 ya kama wajen jika 186, na kwana 7 wajen jika 250. Matasa daga shekara 12 zuwa 27 suna samun ragin da ya kai kashi 25 cikin ɗari, dattawa daga shekara 60 kuma kashi 10. Farashin yana sauyawa, kuma kamfanin yakan yi gwanjo lokaci-lokaci, don haka a duba na ranar kafin a biya.

Abin da ya kamata a riƙe ba jimillar ba ce, kuɗin rana ɗaya ne. Raba 283 gida huɗu, kowace rana ta tashi kusan Yuro 71, wajen jika 46. Raba 381 gida bakwai, rana ta tashi kusan Yuro 54, wajen jika 36. Wannan shi ne ma'aunin. Duk ranar da tikitin tafiyarka na yau da kullum bai kai wannan kuɗi ba, ka ƙona ranar pas a kanta, to ka yi asara, ko da zuciyarka tana gaya maka kyauta ka hau.

Maganar yara, inda ribar take

In akwai inda pas ke yi wa irin iyalanmu daɗi, to nan ne. Yaron da bai kai shekara 4 ba ba ya biyan komai, amma a cinya zai zauna idan jirgi ya cika. Daga shekara 4 zuwa 11 ana ba shi nasa katin kyauta, sai dai da iyaka: babba ɗaya, yara biyu. Uba da uwa suna iya ɗaukar yara huɗu ke nan. Na biyar sai an saya masa katin matasa. Kuma dole a sa sunayen yaran tun lokacin saye, ba a ƙofar jirgi ba. Shekarun da ake dubawa su ne na ranar fara tafiya, saboda haka yarinyar da za ta cika 12 mako ɗaya kafin a tashi ta fita daga kyauta. Nan fa a lura da abin da ke rubuce a fasfo, ba abin da aka sani a gida ba, domin mun san yadda takardun haihuwa na ƙauye suke, sau da yawa shekarar takarda daban, ta gaskiya daban, kuma mai duba tikiti takarda kawai ya sani.

Bari mu buga misali. A ce miji da mata da yara huɗu, masu shekara 5 da 7 da 9 da 11, sun zo daga gida, suna so su zaga dangi a Faransa da Jamus da Ostiriya da Italiya, doguwar tafiya bakwai cikin wata ɗaya. Kati biyu na kwana 7 Yuro 762 ke nan, kusan jika 500. Mutum shida sau kwana bakwai, 42. Kowane mutum kowace rana ya tashi Yuro 18, bai cika jika 12 ba, a kan tafiyar da kowacce za ta iya kai nisan Zinder zuwa Maraɗi sau biyu ko sau uku. Da wuya a samu tikiti ɗai-ɗai da zai doke wannan, balle a tsakiyar hutu da farashi ke hawa.

Amma a tsaya tukuna, ba a gama lissafi ba.

Kuɗin kujera

Wannan shi ne abin da tallar ba ta ɗaga murya a kansa, kuma shi ne ya fi sa mutane cizon yatsa. Pas yana ba ka izinin hawa, ba ya ba ka kujera. A wasu ƙasashe ba damuwa: a Jamus da Ostiriya da Suwizalan da Holan da Beljiyam yawancin jirage sai ka shiga kawai ka nemi wuri, kama kujera ganin dama ne. Amma a Faransa da Italiya da Sipaniya jiragen masu gudu ba a hawansu sai an biya kuɗin kujera daban. TGV a cikin Faransa Yuro 10 ne ko 20 kowane mutum kowace tafiya. Eurostar, wanda ke haɗa Pari da Burusal da Amsadam da Landan, wajen Yuro 30 ne. Jirgin kwana mai gado ya fi haka. Kuma kyautar yara ba ta shafi wannan ba, kowane yaro mai kujera sai an biya masa.

Mu koma ga iyalin nan na mutum shida. Tafiya ɗaya a TGV da kujerar Yuro 20 ta zama Yuro 120, jika 79 a kan abin da aka riga aka biya. In uku daga cikin tafiyoyi bakwai irin wannan ne, kusan rabin kuɗin katin ya sake fita. Har yanzu suna iya cin riba, amma ba irin wadda suka zata ba.

Ga wani abin da ya fi ban haushi. Pari zuwa Burusal a Eurostar awa ɗaya ne da minti ashirin da ƴan kai. Wanda ya sayi tikitinsa da wuri yakan same shi daga wajen Yuro 30. Mai pas kuwa zai biya wajen Yuro 30 ɗin na kujera, sannan ya ƙona rana guda ta Yuro 71. Wato ya biya fiye da ninki uku a kan jirgi ɗaya. Kuma wannan hanya ita ce ƴan uwanmu suka fi bi. Bayan haka kujerun da ake ware wa masu pas a Eurostar da wasu jiragen ƙetare ƙidayayyu ne, suna iya ƙarewa alhali jirgin bai cika ba. Mai mutum shida da ke son su zauna wuri ɗaya a watan Yuli ko Agusta, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda muke ba da shawarar a yi lissafin

Ba sai da kwamfuta ba, takarda da biro sun isa. A rubuta tafiyoyin da aka tabbata za a yi, da ranakunsu. Mun ce waɗanda aka tabbata, domin kowa ya san yadda ziyarar dangi take. A baki an tsara ƙasa biyar, in an je sai tsohuwa ta ce gwiwa ta hana, ko a tarar da suna a gidan da aka sauka, a ƙare da mako uku a gari ɗaya ana karɓar baƙi. Kwanan pas da ba a yi amfani da shi ba ba a mayar da kuɗinsa. A gaban kowace tafiya a rubuta kuɗin tikitinta na dukan iyali kamar yadda shafin kamfanin jirgin ya nuna yau, SNCF na Faransa, DB na Jamus, SNCB na Beljiyam, Trenitalia na Italiya. A tara. A ɗaya gefen a rubuta kuɗin katunan pas, a ɗora kuɗin kujerun kowa da kowa. Sai a gwada.

A namu ganin, idan bambancin bai taka kara ya karya ba, a duba halin iyalin. Tikiti mai araha ɗaure yake da jirgi ɗaya da awa ɗaya, in ya wuce ka shi ke nan. Masu ƙananan yara da tsofaffi, waɗanda fita gida kan lokaci ke yi musu wuya, a ƙasa irin Jamus pas yana ba su kwanciyar hankali: wannan ya tafi, a jira na gaba. Wannan sauƙin kuɗi ne shi ma. Amma in bambancin ya kai jika hamsin ko ɗari, a sayi tikiti a tashi da wuri.

Galibi dai haka abin yake fitowa. Tafiya ɗaya ko biyu, zuwa da dawowa, tsakanin garuruwa biyu, da ranaku tsayayyu: tikiti ya fi. Tafiya huɗu ko fiye, masu nisa, a ƙasashe daban-daban, da yara ƴan ƙasa da shekara 12, ko kuwa biza ta fito a makare har tikiti mai araha ya ƙare: pas ya fi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a yanzu. Tun da ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, neman biza ya ƙara tsawo ga mutane da yawa, kuma mutum ba ya son ya sayi tikitin da ba a mayarwa alhali fasfo bai dawo ba. Pas yana da wata 11 daga ranar saye kafin a fara amfani da shi, amma mu dai shawararmu kada a saya sai biza ta shigo hannu.

Abin da ya kan fi pas araha

Wanda duk zirga-zirgarsa a cikin Jamus ce ya fara duba Deutschlandticket. An fito da shi a watan Mayu na 2023 a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a 2025, sannan 63 daga Janairun 2026. Wata guda cur kana hawa bas da taragon cikin gari da ƙananan jiragen jihohi a duk faɗin ƙasar. Ba ya aiki a ICE da sauran masu dogon zango, don haka tafiyar awa huɗu tana iya zama ta awa takwas da canji uku. Kowa da nasa, yaro daga shekara 6 ma sai an saya masa. Tarkonsa shi ne rajista ce mai sabunta kanta kowane wata, in ba a soke ta kafin ranar 10 ga wata ba za a ci gaba da cire kuɗi ko baƙin sun koma Zermu. Akwai kuma tikitin jiha na yini ɗaya da mutum biyar ke shiga a kansa. Sannan a manyan jiragen DB yara ƴan shekara 6 zuwa 14 kyauta suke tafiya tare da babba, in an rubuta su a tikitinsa. Kun ga a Jamus kyautar yaran da pas ke taƙama da ita ba wata fifiko ba ce, tikitin yau da kullum ma yana da ita, har ya fi ta tsawon shekaru.

A Faransa akwai Carte Avantage, Yuro 49 a shekara, mai rage kashi 30 cikin ɗari ga babba bisa wasu sharuɗɗa, da kashi 60 ga yara har uku ƴan shekara 4 zuwa 11 da ke tare da shi. Akwai Ouigo, jirgi mai gudu mai araha, wanda pas ba ya aiki a cikinsa sam. Ga kuma motocin Flixbus ga mai haƙuri. Mu da muka saba da hanyar Yamai, awa biyar a bas mai sanyi ba za ta ba mu tsoro ba.

Abubuwa biyu da ke kawo matsala a hanya

Na farko, pas ba biza ba ne. Cikin ƙasashe 33 ɗin akwai Ingila da Ailan da Turkiyya, waɗanda ba sa cikin yankin Shengen. Bizar da ta kai tsohuwa Burusal ba za ta shigar da ita Landan ba, tun a tasha ake duba fasfo kafin a hau Eurostar.

Na biyu, waya. Yanzu yawancin katunan a cikin manhajar Rail Planner suke. Kafin a hau kowane jirgi sai an shigar da shi a manhajar an kunna ranar, in ba haka ba mai duba tikiti zai ɗauke ka kamar wanda ba shi da komai, ya ci ka tara. Ana iya zuba katunan iyali duka a waya ɗaya, wanda ya yi daidai ga tsofaffin da ba su iya latse-latse ba, amma fa mai wayar ba zai rabu da su ba ke nan, kuma in caji ya mutu kowa ya shiga uku. Manhajar tana buƙatar intanet lokaci-lokaci. A riƙe fasfo a jiki, don ana gwada sunan da ke kati da na fasfo. Kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na Pari da bas-bas na cikin gari ba sa cikin pas, nasu tikitin daban.

Masu zuwa Umra da Hajji

Da yawa daga cikin masu sauraronmu jirgin ƙasan da za su fara hawa a rayuwa ba a Turai yake ba, a Saudiyya yake, don haka bari mu taɓa shi. Jirgin Haramain ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2018. Yana haɗa Makka da Madina, kilomita 450, yana bi ta Jidda da filin jirgin Sarki Abdul'aziz, yana gudun kilomita 300 a awa, tafiyar ba ta kai awa uku ba. A nan tikitin kowace tafiya ake saye da lambar kujera, kuma a Ramadan yana ƙarewa da wuri. Lissafin iyali a nan tsakanin jirgi ne da mota: a tara tikitin kowa, a ƙara kuɗin tasi daga masauki zuwa tasha da daga tasha zuwa masauki, domin tashoshin Makka da Madina duka suna da ƴar tazara da Harami, sannan a gwada da shatar mota ɗaya da za ta ɗauki kowa daga ƙofa zuwa ƙofa. Mutum biyu ko uku, musamman da tsoho mai ciwon baya, jirgi ya fi. Mutum bakwai da kaya, sau da yawa mota.

Shi kuwa jirgin Masha'ir da aka buɗe a 2010, mai kilomita 18 da tasha tara tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, a kwanakin Hajji kawai yake aiki, kuma ba alhaji ke zuwa ya yanki tikitinsa da kansa ba, ta hannun masu shirya aikin Hajji yake fitowa. Mai son sanin ko yana cikin kuɗin kujerarsa ya tambayi kamfanin da ya biya wa, ko hukumar COHO, tun kafin a tashi daga Nijar.

A jirgin Haramain ana ƙayyade kaya: babbar jaka ɗaya da ba ta wuce kilo 25 ba, da ƴar ƙarama ta hannu. Wanda ya riga ya yi tsaraba a Madina, dabino da darduma da jallabiyoyin jikoki, ya auna kayansa a masauki kafin ya sayi tikitin komawa Jidda.